Ni da tsohuwar laftof ɗina a ƙungiyar masu amfani da Linux

Asabar, 20 ga Satumba, 2025

Yau na fara zuwa taron ƙungiyar masu amfani da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta wanda ake iya sa wa a madadin Windows. Abin da ya kai ni shi ne laftof ɗina, 'yar shekarar 2014, mai ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabayit 4 da faifan ajiya na gigabayit 500. Daga ranar 14 ga Oktoba Microsoft zai daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da aka saba samu, ita kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan. A na Intel, daga zubi na takwas ne zuwa sama. Tawa zubi na huɗu ce. Allonta lafiya, madannanta lafiya, kuma duk rubuce-rubucena na shekara goma a cikinta suke. Ban ga dalilin jefar da ita ba.

Na tafi da tunanin zan miƙa ta kamar yadda ake miƙa wa mai gyara, in dawo in karɓa. Na tarar da mutum goma sha huɗu a zagaye da dogayen tebura biyu, wayoyin caja sun sarƙe a tsakiya. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikata, akwai wani dattijo da ya yi ritaya wanda kowa ke ce wa Baba. Da na tura masa laftof ɗin, sai ya turo mini ita a hankali, ya ce, "Malam, a nan ba ma karɓar kwamfutar kowa. Kai za ka riƙe abinka, mu zauna kusa da kai."

Ya tambaye ni aikin da nake yi da ita. Na ce rubutu, lissafin kuɗin aiki, hotuna da shiga intanet. Ya ce ina kwafin fayilolina yake. Na ce akwai wasu a filash. Ya ce yaushe rabona da buɗe filash ɗin in ga suna nan. Na yi shiru. Ya ce to ba za a taɓa komai ba sai na kwashe duk abin da nake ƙauna zuwa wani faifan, na kuma buɗe na tabbatar.

Ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba, ba kuɗin shiga ba katin zama ɗan ƙungiya. Duk mako biyu ake haɗuwa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na ari faifan waje na terabayit 1 na fara kwashe kaya. Foldar rubuce-rubuce ta wuce lafiya. Da aka zo kan hotuna sai aiki ya tsaya cik a kashi 61, kwamfuta ta daskare, ina jin wani ƙas-ƙas daga ƙasan madannai. Sau uku ina kashewa ina sakewa, a wuri ɗaya yake tsayawa.

Talata, 23 ga Satumba

Na kira Baba. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Kashe ta yanzu. Kada ka sake kunna ta sai mun haɗu." Ya ce faifan da ya fara wannan ƙara, duk kunnawa tana rage masa kwana, kuma maimaita kwafin da na yi jiya ya ƙara wahalar da shi. Na sa ta a jaka. Kwana goma sha ɗaya zan yi da waya kaɗai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Taro na biyu, kuma ranar da na fahimci amfanin zama cikin mutane irin waɗannan.

Baba ya haɗa ni da wata baiwar Allah da ke kula da manyan kwamfutoci a wurin aikinta. Malama ake ce mata. Ta ba ni ƙaramin sukudireba da murfin kwalba na zuba noti, ta ce in kife laftof ɗin in cire batir tukuna. Hannuna yana rawa na kwance murfin baya, na zaro faifan. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da shi ban taɓa ganinsa ba. Bai kai tafin hannuna ba.

Muka sa shi a wani ɗan akwati mai kebul na USB, muka jona da kwamfutarta. Ta buɗe tamina, wato baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ta ce in buga `smartctl` da kaina. Ta bayyana mini cewa faifai yana ajiye rahoton lafiyar kansa, ana kiran tsarin SMART. Ta sa yatsa a layi mai lamba 5, wanda ke ƙirga gurabun da suka lalace har faifan ya musanya su, sannan layi mai lamba 197, wanda ke ƙirga gurabun da ya kasa karantawa yana jiran abin da za a yi da su. A lafiyayyen faifai sifili ake so a gani. Nawa na farko 312, na biyu 88.

Na tambaye ta ko hotunan sun tafi ke nan. Ta ce, "Malam, ba zan yi maka alkawari ba, amma akwai abin da za mu gwada." Abin shi ne `ddrescue`, manhajar GNU. Kwafi na yau da kullum idan ya ci karo da gurbi mara kyau sai ya tsaya yana ta fama da shi. Ita wannan tsallakewa take yi, ta fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, sai daga baya ta dawo wuraren da suka lalace tana tsintar abin da ya samu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ƙaramin fayil, ko aiki ya yanke daga nan za ta ci gaba. Kafin in danna, Malama ta sa na buga `lsblk` na karanta mata da baki wane faifai ne tushe, wane ne mazubi. Ta ce in aka juya su, faifan da babu komai ne zai shafe mai kayan, kuma babu mai dawo da shi.

Aikin ya fi ƙarfin zaman taro. Ta tafi gida da faifan biyu. Kafin ta sa su a jaka ta ce ba za ta buɗe ko fayil ɗaya ba, Baba kuma ya ce ƙa'idar ƙungiya ce: ba a leƙa kayan mutum, ba a tambayar kalmar sirrinsa, in zai buga ta ma kowa ya kau da kai.

Talata, 7 ga Oktoba

Na karɓo faifan. Dare biyu aikin ya ci. Rubuce-rubuce duk sun tsira. Na zauna na bi hotuna ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare: 41 ne suka lalace, wasu rabi hoto rabi toka, wasu ba sa buɗuwa sam. Shida daga ciki na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, kuma ba ni da su a ko'ina. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Da na yi kwafi shekara biyu da suka wuce da suna nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sayayya. Faifan SSD, irin na zamani mai sauri, na gigabayit 256, mai inci 2.5 da mahaɗin SATA, da ƙarin ram gigabayit 4. Malama ta gargaɗe ni in duba rubutun jikin tsohon ram ɗin kafin in saya: nawa DDR3L ne, mai aiki da bolt 1.35, ba DDR3 na bolt 1.5 ba. Sai filash na gigabayit 8. Kuɗin da aikin zai ci ke nan gaba ɗaya, tunda manhajar kyauta ce. Faifan waje na aro ne, nawa na kaina sai wata mai zuwa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na sauke Linux Mint 22.2, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, samfurin Xfce mai sauƙin nauyi, a kwamfutar wani abokin aiki. Fayil ɗin ya kusa gigabayit 3. An koya mini in gwada lambar tantancewa ta SHA-256 da wadda masu manhajar suka wallafa. Ba su yi daidai ba, ashe saukewar ta yanke a hanya. Na sake, na biyun ya dace. Data ta tafi ninki biyu.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar da nake ta gudu ta zo. Laftof tana jaka, babu faifai a cikinta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ranar girkawa. Na ɗaura SSD da ram da hannuna, na tayar da kwamfuta daga filash. Tun kafin a girka komai ana iya gwada Linux daga filash ɗin, don haka muka duba sauti, kyamara da madannai. Girkawar kanta ba ta kai minti ashirin ba. Kwamfutar da take cin kusan minti uku kafin ta tashi, yanzu kafin in gyara zama ta buɗe.

Amma kafin nan sai da aka yi muhawara a kaina, kuma duk mai shirin shiga irin wannan ƙungiya ya sa ran ganin haka. Wani matashi ya ce me ya sa za a ba ni Mint, Debian ce uwa. Wani ya ce Fedora. Wani ya ce in dai koyo nake so na gaske, Arch. Murya ta fara tashi, ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Baba ya bari suka yi mai isarsu, sannan ya zana mini a takarda: Linux ita ce ƙwayar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Yawancin kayan aikin da ke kewaye da ita daga shirin GNU suke, wanda Richard Stallman ya sanar a 1983. Debian ta fito a 1993, Ubuntu ta tsiro daga Debian a 2004, Mint kuma daga Ubuntu a 2006. Ya ce, "Kaka da 'ya da jika ne. Ka fara da wadda mutum biyar a ɗakin nan za su iya taimaka maka a kanta." Jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyara har 2029, wannan ya ishe ni.

Ban ji haushin muhawarar ba. Mutanen nan abin yana ransu ne. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ya zauna ya yi mini bayanin cewa kyautar da suke nufi ba ta kuɗi kaɗai ba ce. 'Yanci ne na amfani da manhaja yadda ka so, ka duba yadda aka rubuta ta ka canza, ka ba wani, ka kuma raba abin da ka gyara.

Da ana naɗe wayoyi na tambayi Baba ko su suka ƙirƙiro wannan salon zama. Ya ce ina, ya girme shi a harkar. Tun 1955 masu aiki da manyan kwamfutocin IBM a Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar manhajojin da suka rubuta. A watan Maris na 1975 kuma wasu suka taru a garejin wani gida a Menlo Park ta jihar Kalifoniya don kallon kwamfutar Altair 8800, taron da ya zama Homebrew Computer Club, inda Steve Wozniak ya riƙa kai kwamfutar da ta zama Apple I yana nunawa. Ya ce abin da ake yi a teburinmu shi ne dai abin da suka yi: wanda ya sani ya nuna wa na kusa da shi.

Da kebul na intanet muka yi aiki a wurin. A ƙarshe na girka direban Wi-Fi, wato 'yar manhajar da ke sa katin Wi-Fi aiki, ya nemi in sa wata kalmar sirri ta wucin gadi, na sa, na kashe na taho gida.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Da na kunna, wani shuɗin allo ya fito da rubutu yana ƙirga daƙiƙu. Ban gane shi ba, na bar shi ya wuce. Kwamfuta ta tashi lafiya, amma babu Wi-Fi, ko alamarsa babu. Na jona waya da kebul na USB ina jan intanet daga ita.

Laraba, 22 ga Oktoba

Har yanzu babu. Na cire direban na mayar sau biyu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na bar maganar Wi-Fi. Na buɗe tsofaffin takarduna a LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ta zo da Mint. Suna buɗuwa, sai dai wasu shafuka sun goce saboda babu salon rubutu na Calibri. Na girka Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, shafuka suka koma mazauninsu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na isa taro na ce, "Wi-Fi ɗina ba ya aiki." Wani matashi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ba ya aiki ba bayani ba ne. Me ya rubuto maka?" Raina ya sosu. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma mako biyu ina fama. Na koma gefe na zauna, har na fara tunanin ko in tattara in tafi.

Baba ya jawo kujera. Bai kare yaron ba, bai kuma zage shi ba. Ya ce lafazin bai yi daɗi ba kuma zai yi masa magana, amma tambayar tasa daidai ce. Masu taimako a nan lokacinsu suke bayarwa kyauta, kuma ba su ga abin da na gani ba. Mai neman taimako ya faɗi irin kwamfutarsa da manhajar da ke kai, abin da ya yi kafin matsala ta zo, abin da ya zata zai faru, da ainihin rubutun da ya fito, harafi da harafi, ko ya ɗauki hotonsa. Ya ce in ba shi labarin daga ranar girkawa, kada in tsallake komai. Ina kaiwa kan shuɗin allo, yaron nan daga can ƙarshen tebur ya ɗago ya ce, "Tsaya, Malam. Shuɗin allo? Ka danna wani abu?" Na ce a'a. Ya taso da kujerarsa.

Ya sa na buga `lspci`, muka ga katin Wi-Fi ɗin yana nan, kwamfuta ta san da shi. Ya sa na buga `mokutil --sb-state`, ta nuna Secure Boot a kunne yake. Ya yi mini bayani dalla-dalla: wannan tsari ba ya barin a loda direban da ba shi da sa hannun da kwamfuta ta amince da shi. Direban katina a kan kwamfutata ake harhaɗa shi, don haka da mabuɗin kwamfutata ake sa masa hannu, kuma shuɗin allon nan shi ne inda ake tambayata ko na yarda da mabuɗin. Kalmar sirrin wucin gadin ta wurin ce. Da na bar shi ya wuce, direban yana nan a girke amma an hana shi tashi. Muka sake gabatar da mabuɗin, na kashe na kunna, allon ya dawo, na amince, na buga kalmar. Sunayen hanyoyin Wi-Fi suka jero. Minti goma.

Kafin a tashi ya zo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da maganata ta ɗazu." Na ce ya wuce. Na sayi ƙaramin littafi, duk saƙon da ban gane ba yanzu sai na rubuta shi kafin in taɓa komai.

Talata, 4 ga Nuwamba

Haruffa masu ƙugiya. A yawancin manhajojin nan, in ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka buga lambar harafi, sai ya fito: 0199 na ƙ, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ. Yana aiki amma yana da jinkiri ga mai dogon rubutu. Na karanta yadda ake naɗa maɓalli ɗaya ya zama na haɗa haruffa, na rubuta ƙa'idojina a fayil ɗin `.XCompose`. Yanzu maɓallin, sai k, sai waƙafi, ƙ ta fito. Wannan ni kaɗai na yi, ban tambayi kowa ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na yi ɓarna. Ina son rage manhajojin da ba na amfani da su, na ga wani kunshin manhaja da ban san aikinsa ba na ce a cire. `apt`, mai girkawa da cire manhajoji, ya jero mini dogon jerin wasu kunsoshin da za su tafi tare da shi, ya tambaya ko in ci gaba. Ban karanta ba na amsa. Da na sake kunnawa babu fuskar allon da na saba gani, babu linzami, sai baƙin allo yana neman sunana.

Gabana ya faɗi, amma na tuna Malama ta sa na kunna Timeshift tun ranar girkawa, manhajar da ke ɗaukar hoton tsarin kwamfuta kullum. Na rubuta abin da ke allon a littafina, sannan na kira ta. Ta ce, "Me ka gani, me ka yi kafin nan?" Na karanto mata. Ta ce in shiga da sunana a nan baƙin allon in buga `sudo timeshift --restore`, in zaɓi hoton jiya. Cikin minti goma sha biyar komai ya dawo. Ta ƙara jan kunnena cewa Timeshift tsarin kwamfuta yake adanawa, ba ya ɗaukar fayilolina sai in an sa shi, don haka bai maye gurbin kwafin da Baba ya ce ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na sayi faifan waje nawa, na mayar da na aro. Kwafi na farko ya kammala, na buɗe fayil ashirin daga wurare daban-daban, duk lafiya.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wata ɗaliba ta zo yau a karon farko da laftof ɗin yayanta, ta ajiye a gaban Baba. Ya nuna ni ya ce, "'Yata, zauna kusa da Malam." Na ce Baba, wata biyu fa ban cika ba. Ya ce abin da take buƙata yau na san shi. Na tambaye ta ina kwafin fayilolinta. Babu. Muka duba rahoton SMART na faifanta, ita ke bugawa ina gefe, layi na 5 da na 197 duk sifili. Ta fara kwashe kayanta. Da ta tambaye ni yadda ake raba faifai a ajiye Windows da Linux tare, na ce ban taɓa yi ba, na kira mata yaron nan na Wi-Fi.

An kuma sa ni cikin masu zuwa da wuri su jera tebura da wayoyin wuta a taro na gaba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Lissafi zuwa yau: SSD, ram, filash da faifan waje su ne abin da na saya. Taro biyar, da kimanin awa talatin a gida. Batir ne ya rage, ba ya wuce minti arba'in, zan nemi lambar samfurinsa in ga ko ana samu. Firinta ban gwada ba tukuna.

An ba ni minti goma ranar 29 ga wata in nuna yadda na yi da haruffa masu ƙugiya, don mutum uku sun tambaya. Zan ƙara manyan baƙaƙe, Ƙ da Ɗ da Ɓ, a fayil ɗin, in gwada shi a kwamfutar wani kafin ranar. Bayan nan ina so in koyi `rsync`, manhajar kwafin fayiloli, don kwafin mako-mako ya riƙa tafiya da kansa. Malama ta ce in zo da faifan waje da littafina.